Tocilar da Za Ta Kai Mu Gida Lafiya

Maganarmu ta yau a kan ƙaramin abu ce, abin da ake sawa a aljihu, wato tocila. Wani zai ce, tocila ma sai an yi taro a kanta? I, gama a yawancin ƙauyukanmu rana na faɗuwa duhu ke rufe ko'ina, ayyuka kuwa ba su tsayawa. Akwai mai zuwa masai, akwai mai duba dabbobi a turke, akwai mai dawowa daga addu'ar dare, akwai ungozoma da aka tasa da tsakar dare, akwai kuma matasanmu masu sintiri. Dukansu lafiyarsu tana rataye a kan hasken da ke hannunsu. Abin da muke so ku tafi da shi gida shi ne wannan: tocila mai kyau ita ce wadda za ta kama a daren da ake bukatarta, mu kuma iya ciyar da ita da batirin da ke samuwa kusa da mu.

Dalilin da ya sa muka damu

Bari mu fara da maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya saboda saran maciji. A shekarar 2017 ta sa wannan matsala cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A yankinmu kububuwa ce kan gaba wajen wannan ɓarna, har ma a Kaltungo, cikin jihar Gombe, akwai asibiti na musamman domin waɗanda maciji ya sara. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa da busasshen ganye, da dare kuma take fita neman abinci. Sau da yawa a ƙafa take sara, domin mutum ya taka ta bai gani ba. Shawarar ma'aikatan lafiya mai sauƙi ce: a sa takalmi mai rufe ƙafa, a riƙe haske in za a fita da dare. Kunama ma haka, rami da buɗaɗɗiyar rijiya ma haka. Kuɗin tocila bai kai ko kusa da kuɗin jinya da asarar aikin gona ba.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe mu

Tocilolin yanzu suna amfani da ƙwai da ake kira LED, wanda ke ba da haske mai yawa da ɗan batir kaɗan, ba ya kuma ƙonewa da sauri kamar ƙwan dā mai siririyar waya a ciki. Masana uku 'yan asalin Japan da suka buɗe hanyar samun wannan farin haske sun karɓi kyautar Nobel a 2014.

Ana auna yawan haske da ma'aunin da ake kira lumen. Kyandir ɗaya yana ba da kamar lumen 12. Ƙwan lantarki na dā mai wat 60 yana ba da kamar lumen 800. To, idan muka ga ƙaramar tocila mai araha an rubuta mata lumen 10,000, mu sani magana ce ta ciniki kawai. Tocila mai ɗan siririn batir guda ɗaya ba ta da ƙarfin da za ta ba da haske irin wannan.

Nawa muke bukata? Cikin ɗaki, domin neman magani ko duba jariri, lumen 5 zuwa 20 ya isa. Tafiya a kan hanyar ƙafa, 50 zuwa 100. Duba bayan gari ko ƙarshen gona, 300 zuwa 500. Saboda haka mu nemi tocila mai mataki biyu ko uku, ƙaramin haske, matsakaici, da babba. Ƙaramin ne zai riƙe mana batir kwana da kwanaki. Babban kuwa yana shan batir, tocilar tana yin zafi, yawancinsu ma da kansu suke rage hasken bayan 'yan mintoci.

A 2009 masu ƙera tocila a Amurka suka amince da ƙa'idar gwaji guda da ake kira FL1. A ƙarƙashinta, in an rubuta awa 10, ana nufin lokacin da hasken zai ɗauka kafin ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma na yadda ya fara. Wato a awa ta ƙarshe hasken ya riga ya dusashe ƙwarai. Mu riƙa lissafi da wannan a zuciya.

Mu kuma dubi siffar hasken. Wanda ya matse kamar sanda yana kai nesa, amma yana barin gefen hanya cikin duhu, can kuwa maciji ke kwanciya. Mai kyau shi ne mai ƙarfi a tsakiya da sassauƙan haske kewaye da shi.

Batir shi ne abincin tocila

Kafin mu saya, mu tambayi kanmu: ina zan sami batirinta? In ƙauyenmu ba wuta, ba sola, ba wurin caji sai ranar kasuwa, to tocila mai ƙaramin batirin nan da ake rubuta wa AA ta fi mana, gama kusan kowane mai tireda yana da shi. Batiri iri biyu ne a cikinsu. Mai arahar yana mutuwa da wuri a tocila mai ƙarfi. Wanda aka rubuta wa alkaline ya fi tsada amma ya fi daɗewa. Kada mu haɗa sabo da tsoho, kada mu haɗa iri biyu. In za a ajiye tocila wata guda ko fiye, a cire batirin, domin yakan zubar da ruwa mai cin ƙarfe ya lalata ta.

In muna da sola a gida ko a majami'a, tocila mai caji ta fi sauƙi a tsawon shekara. Masu kyau suna amfani da batirin litiyam da ake kira 18650. Sunan daga girmansa ne, kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Mafi kyawunsa yana ɗaukar caji wajen mAh 3,500. Duk wanda aka rubuta wa 9,000 ko fiye jabu ne, irin wannan kuwa ko rabin na gaskiya ba ya riƙewa. Batirin litiyam yana iya kama wuta. Kada a bar shi a rana ko kusa da murhu, kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, in kuma ya kumbura ko fatarsa ta yage, a daina amfani da shi.

Wasu za su ce ai waya tana da tocila. Gaskiya ne, tana taimako. Amma haskenta ba ya kai nesa, yana kuma cinye cajin da za mu bukata mu kira mai babur ko ma'aikacin lafiya a wannan daren.

Gwaji a gaban mai kaya

Iyayenmu mata sun san yadda ake ƙwanƙwasa tukunya kafin a biya. Haka za mu yi wa tocila. Mu kunna ta, mu girgiza, mu ɗan buga ta a tafin hannu. In hasken ya yi ƙyaftawa, mu ajiye ta. Mu danna makunnin sau goma ko ashirin, mu ga ko yana amsawa kowane lokaci. Mu buɗe murfin baya mu duba ko akwai zoben roba, gama shi ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga. In an rubuta IPX4, tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. In an rubuta IPX7, an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. Jikin ƙarfe mara nauyi ya fi jure faɗuwa fiye da siririyar roba. Ta zama daidai tafin hannu, da igiyar ratayawa a wuyan hannu. Babbar tocila takan zauna a gida, ƙaramar ce ke bin mu ko'ina.

Ga matasanmu masu sintiri

A kasuwa za ku ga tocilolin da ake ce wa irin na jami'an tsaro, baƙaƙe, masu haƙora a baki. Baƙin fenti da haƙora ba su ƙara muku komai. Abin da ke da amfani shi ne makunni a gindin tocila, wanda babban yatsa zai samu cikin duhu ba lalube, wanda kuma in an taɓa shi kaɗan haske zai zo, in an saki ya tafi. Ku guji wadda sai an bi ta cikin walƙiya iri iri kafin a kai ga hasken da ake so.

Ku tuna cewa mai riƙe da haske shi ake fara gani daga nesa. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuwa yana ɓata wannan nan take. Saboda haka kada a bar tocila a kunne duk dare, kada kuma ku haska fuskar abokin aikinku. Ku haska, ku duba, ku kashe, ku matsa daga inda kuke tsaye. Ku yi tafiya biyu biyu, ku riƙe usur da waya mai caji.

Abu mafi nauyi shi ne wannan. An ba ku haske domin ku gane wanda ke tafe kafin ku ɗaga murya. Inuwar da kuka gani tana iya zama baƙon da ya ɓata hanya, ko makiyayi mai neman saniyarsa, ko maƙwabci mai gaggawar kai matarsa asibiti. Ihun ɓarawo a kan wanda ba a gane ba ya sha jawo asarar rai marar laifi, da gaba tsakanin maƙwabta wadda ba ta ƙarewa da wuri. Ku haska ƙasa da hannuwansa tukuna, ku yi sallama, ku tambaya. In akwai haɗari na gaske, ku ja da baya ku sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Kada ku haska idon direba ko mai babur, kada kuma ku dalla wa jami'an tsaro haske a shingen bincike.

Abin da za mu yi daga yau

Kowane gida ya sa wa tocila wuri guda da kowa ya sani, kusa da ƙofa ko gefen gado, da batir na ajiya a gefenta. A gwada ta kowane mako. Kada a bar wa yara ita su yi wasa, tsohon batir kuma kada a yar inda za su ɗauka su sa a baki, kada a jefa shi cikin wuta. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya haɗa kuɗi su sayi ƙaramar sola domin yi wa kowa caji, su kuma tuna da gwauraye, tsofaffi da ungozoma, waɗanda ba su iya saya da kansu. In kuma duk da haka maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya, kada a tsotsa. A hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

Masu tambaya su ɗaga hannu, waɗanda suka zo da tocilolinsu kuma su kawo su gaba mu duba tare.