Tsohuwar Bindiga Ba Ta Manta Aikinta: Labarin Mauser C96

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau zan yi magana ne a kan wata ƙaramar bindiga da ta haura shekara ɗari da ashirin a duniya, wato Mauser C96. Zan faɗi yadda take aiki, yadda masu tara tsofaffin makamai a ƙasashen waje suke harba ta ba tare da sun raunata kansu ba, sannan abin da dokar Najeriya ta ce. Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar mu, don haka ku jure har ƙarshe.

Kamfanin Mauser da ke garin Oberndorf a Jamus ya fara ƙera ta a 1896, ya ci gaba har zuwa 1937. Turawa suna yi mata laƙabi da ƙotar tsintsiya saboda siffar mariƙinta. Tana ɗaukar harsashi goma, kuma gidan harsashin yana gaban kunama ne. Kubenta na katako ne, ana iya maƙala shi a bayanta a jingina da kafaɗa kamar doguwar bindiga. Winston Churchill ya riƙe irinta a yaƙin Omdurman na Sudan a watan Satumba 1898, lokacin yana ƙaramin hafsa. Masu kallon Star Wars kuma, bindigar Han Solo daga jikinta aka yi ta.

To me ake nufi da bindiga mai ɗura kanta? Idan ka ja kunama, ƙarfin fashewar albarushi yana tura harsashi gaba, yana kuma tura ƙarfen makulli baya. A komawarsa baya yana jefar da kwanson da aka harba, ya ɗana guduma. Daga nan sifirin ya dawo da shi gaba, ya tura sabon harsashi cikin bututu. Jan kunama ɗaya, harbi ɗaya, amma kafin ka ƙifta ido ta riga ta shirya wa na biyu. Ku riƙe wannan da kyau. A irin su Colt M1911 da Luger P08, waɗanda ake zare musu gidan harsashi, mutum zai zare ya ɗauka ya kwashe komai, alhali ɗaya yana kwance a cikin bututu. Wannan ɗayan shi ne yake kashe ƙani, ko aboki, ko mai riƙe da ita.

Yanzu mu je ga masu ita a inda doka ta yarda. Duk wanda ya san abin da yake yi, ba ya harba tsohuwar bindiga sai ƙwararren mai gyaran bindigogi ya warware ta ya duba. Ƙarfe yana gajiya, sifirin yana sanyi, tsatsa tana cin cikin bututu. A C96 akwai wani ɗan ƙarfe da ke tare makulli idan ya koma baya. In sifirin ya mutu, ɗan ƙarfen nan ne ke shan duka a kowane harbi, in kuwa ya karye, makullin fuskar mai harbi zai nufa. Shi ya sa sukan canza sifirin tukuna, su sa tabarau na kariya da abin toshe kunne.

Na biyu, harsashi. Nata shi ne 7.63×25 Mauser. Akwai wani na Rasha, 7.62×25 Tokarev, wanda yake shiga cikinta lafiya lau saboda girmansu kusan ɗaya ne, amma sau da yawa ya fi ƙarfin abin da tsohon ƙarfenta zai iya ɗauka. Shigar harsashi cikin bindiga ba hujja ba ce cewa nata ne. Jamusawa ma sun san haɗarin rikita harsasai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, da suka ƙera ta da harsashin milimita 9, sai suka sassaƙa babbar lamba 9 a mariƙin suka shafa mata jan fenti, don kada soja ya kuskure.

Na uku, idan an ja kunama ba ta tashi ba. Tsohon harsashi yakan yi jinkiri, don haka ana barin bakin bindiga yana kallon wurin harbi kamar daƙiƙa talatin kafin a buɗe. In kuma ƙarar ta fito da rauni, a tsaya nan take, don mai yiwuwa harsashin ya maƙale a bututu. Irin wannan ne ya kashe Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a 1993 wurin ɗaukar fim. Harsashi ya maƙale a bututu ba wanda ya duba, aka sa na wasa mai albarushi zalla aka harba, ya turo wancan ya same shi.

Sai ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, wani tsohon sojan Amurka, ya yaɗa. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsa nesa da kunama har sai ka saita. Ka tabbatar da abin da kake hari da abin da ke bayansa. Bayan an gama kuma a kulle ta, harsashi a wani wuri daban, inda hannun yaro ba zai kai ba.

Mu zo ga doka. A Amurka, dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. A Ingila ana iya ajiye wasu tsofaffin bindigogi don ado, amma da zarar mutum ya ce zai harba, wannan sassaucin ya faɗi. A Najeriya fa? Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da ribolba cikin makaman da aka haramta, har da tsofaffi masu ƙanƙara, kuma ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Hukuncin mallakar su ba bisa ƙa'ida ba a dokar nan, mafi ƙarancinsa ɗaurin shekara goma ne. Tsufan bindiga ba uzuri ba ne a gaban alƙali, haka ma cewa gado ce.

Na kawo maganar gado ne da gangan. Kakanninmu da yawa sun yi soja, wasu har Burma aka kai su a Yaƙin Duniya na Biyu. Idan wata rana kuka buɗe tsohuwar adaka kuka tarar da irin wannan ƙarfe, kada ku taɓa kunama, kada ku gwada ta a bayan gari, kuma don Allah kada ku ɗauki hoto da ita ku ɗora a TikTok. Hoton nan shi zai zama shaida a kanku. Ku fitar da yara daga ɗakin, ku kulle, ku sanar da dattijon gida, a nemi shawarar lauya, sannan a sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka. Kada kowa ya sa ta a aljihu ya hau titi da ita.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mun binne matasa da yawa a Arewa saboda bindiga, bai kamata mu ƙara ko ɗaya saboda son burgewa ba.

Ku tura wa wanda kuka san yana sha'awar makamai, ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.