Yadda Ruwa Yake Tafiya a Ƙarƙashin Ƙasar Dakoro

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba gulbi ba ne da ke gudu a cikin rami, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa. Idan aka cika kwano da busasshen yashi aka riƙa zuba masa ruwa, zai sha kusan kashi ɗaya bisa uku na cikin kwanon kafin ruwan ya bayyana a sama. Shimfiɗar ƙasar da ke riƙe ruwa haka, kuma take sakinsa idan an haƙa, ita ce matattarar ruwa.

Riƙe ruwa daban, sakinsa daban. Yumɓu yana riƙe ruwa sosai, amma kafofinsa sun yi ƙanƙanta har ruwan ba ya iya ratsa su sai da ƙyar. Shi ya sa tabki mai gindin laka yake daɗewa bayan damina, alhali jigawa tana shanye ruwan sama nan take.

A shekarar 1856, a birnin Dijon na Faransa, injiniya Henry Darcy ya cika bututu da yashi ya tura ruwa ta ciki. Ya gano cewa yawan ruwan da ke wucewa ya danganta ne da bambancin tsayin ruwa tsakanin bakuna biyu na bututun, da tsawon tafiyar, da kuma irin yashin. Ruwa yana barin inda matakinsa ya fi tsayi zuwa inda ya fi ƙasa, kuma tafiyar ta hawainiya ce: a matattara mai zurfi, 'yan mitoci kaɗan a shekara guda.

Dakoro tana cikin babban kwarin Iullemmeden, wanda ya haɗa Nijar da Mali da Najeriya har Sakkwato. A kan tudu ruwa yana da nisa, rijiya mai zurfin da ya wuce mita 50 ba abin mamaki ba ce. Makiyayi yakan ɗaura igiya ga raƙumi ko sa, yaro ya kora shi, kuma nisan da dabbar ta yi kafin wasaki ya iso bakin rijiya shi ne zurfinta. Idan aka yini ana ja, matakin ruwa a kewayen rijiyar yana lotsawa kamar mazurari, guga ya fara ɗebo laka. Da dare ruwan kewaye yana tsatsowa a hankali, da asuba a tarar ya taru.

Ruwan saman yankin kaɗan ne, rana da iska kuma suna kwashe mafi yawansa kafin ya nutsa. Wanda yake isa ƙasa yakan bi ta tabkuna da ƙasan kwaruruka irin na Tarka da Gulbin Kaba. Ruwan matattara mai zurfi kuwa, akasarinsa ya shiga ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin yake da damshi, don haka abin da injin famfo ya zuƙe ba ya komawa a damina ɗaya.

Daɗewar ruwa cikin dutse tana sa ya narkar da ma'adinai. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiya mai zurfi ya ƙunshi sinadarin fuloraid da ya wuce kima, ya ɓata haƙora ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa. Wannan abin baƙin ciki ne da gwaji tun farko zai iya hanawa, domin ruwan garau yake a ido, sai awo ne yake nuna abin da ke cikinsa.