Inda Aka Kafa Akwati: Jawabi Kan Rumfunan Zaɓen 1959

 

An nemi in yi magana a kan zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya wanda aka yi ran Asabar, 12 ga Disamba, 1959, watau zaɓen tarayya na ƙarshe a ƙarƙashin mulkin Ingilishi. Sakamakonsa sananne ne. Kujeru 312 aka yi takara a kansu: 174 a Jihar Arewa, 73 a Gabas, 62 a Yamma, 3 a Ikko. NPC ta sami 134, NCNC da abokiyar ƙawancenta NEPU suka sami 89, Action Group kuwa 73. Ni abin da na zo da shi yau ya fi wannan ƙanƙanta a ido: a ina aka kafa rumfunan jefa ƙuri'a, wa kuma ya zaɓi wurin?

Kafin wannan shekara, talakan ƙauye a Arewa bai san rumfar zaɓe ba. A 1951 zaɓen hawa-hawa aka yi. Masu biyan haraji su taru su fid da wakilai, waɗannan su tafi gunduma su fid da wasu, har a kai ga lardi, inda En'e ke da ikon ƙara nata mutane. A birnin Kano 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko, amma da aka kai matakin ƙarshe ko kujera ɗaya ba su tsira da ita ba. Sai a 1959 aka ce kowane namiji mai shekara 21 a Arewa zai je da ƙafarsa ya jefa ƙuri'arsa a asirce. Mata kuwa a Arewa ba su sami wannan dama ba sai 1976.

To, da aka ce kowa zai jefa da hannunsa, tilas a samar masa wurin jefawa. Hukumar Zaɓe, wadda wani Bature mai suna Mista Wraith ya shugabanta, ita ke da alhakin wannan, amma a ƙasa yawancin aikin ya faɗa hannun su Di'o da mataimakansu. Fiye da mutum miliyan 9 suka yi rajista. A tuna, ƙasa ce wadda ƙauyuka da yawa mota ba ta kai gare su, makarantu kuma, musamman a Arewa, ba su wadata ba. Inda akwai makaranta ko kotu, an sami gini. Inda babu, sai a kafa rumfa.

A nan batun yake. A ƙauyenmu, ina ne filin da kowa ya sani, mai inuwa, wanda jama'a suka saba taruwa? Ƙofar gidan dagaci. Ga Di'o wannan sauƙi ne. Ga talakan da ke son jam'iyyar hamayya kuwa, wata magana ce dabam. Dagacin nan shi ke karɓar harajinsa, shi ke shaidar gonarsa, shi ne kuma zai iya kai shi gaban alƙali. Ko da ba wanda ya ce masa uffan, zai wuce ta gaban fadawa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sa'an nan ya shiga. Mutumin da ya shiga a durƙushe, da wuya ya miƙe a cikin ɗaki. Ban ce kowane dagaci ya tsoratar da mutanensa ba; da yawa sun riƙe amana. Amma wurin kansa yana magana, ko mai wurin ya yi shiru.

Tsarin rumfar ma ya ƙara wa wurin nauyi. Ba takarda ɗaya ake dangwala wa yatsa ba kamar yadda aka soma a 1979. Kowane ɗan takara da akwatinsa, an manna masa alama: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na Action Group. A ba ka takarda, ka shiga bayan shamaki kai kaɗai, ka jefa a akwatin da kake so. Asirinka duka yana ga wannan shamaki. In zana ce mai huji, ko an kafa ta inda na waje ke hangen ƙafafunka, asiri ya tonu. Akwai kuma wata ɓaraka: mutum na iya ɓoye takardar a aljihu ya fito da ita, ya miƙa wa wanda ya saye ta.

Mu dawo nan Kurmi, domin kakanninmu na Sabon Badun da Shagamu da Agege da Obalende su ma wannan zaɓe ya same su. Doka wurin zama ta bi, ba asali ba. Mazaunin Obalende a Ikko ya jefa, na Agege kuwa a Jihar Yamma, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Haka nan macen da ke zaune a Kudu doka ba ta hana ta rajista ba, alhali ƙanwarta a Kano ba ta da hali. Kuma ƙuri'ar baƙo ba abin rainawa ba ce a lokacin: Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko.

Sai dai wahalarmu ta bambanta da ta ƙauye. Mu ba kusancin rumfa da gidan mai mulki ya fi damunmu ba, nisanta da mu ne. Sunan mutum yana rumfa ɗaya tak, inda ya yi rajista. Ɗan kasuwar goro ko na shanu kuwa ba mazaunin wuri ɗaya ba ne, ga shi Disamba lokacin cin rani ne. Wanda ya yi rajista a gida ya gangaro Kudu, ƙuri'arsa ta zauna can. Wanda kuma aka kai sunansa wata unguwa inda ba ya jin harshen malaman zaɓe, sau da yawa sai ya ga zaman shago ya fi masa.

Kada a ɗauka wannan tsohon labari ne. Rumfunan da aka tsara a 1996, kusan dubu 120, su aka yi ta amfani da su shekara 25, garuruwa na ta faɗaɗa. Sai a 2021 Hukumar INEC ta mai da su 176,846, ta kuma ɗauke 749 daga inda suke, 145 daga cikinsu daga fadojin sarakuna. Shekara 62 ke nan bayan zaɓen da muke magana.

Saboda haka ina roƙon shugabannin unguwanninmu, kafin kowane zaɓe, su aika matasa su dubo rumfar da sunan kowa yake. Wanda ya yi ƙaura ya nemi a maido da rajistarsa inda yake zaune tun da sauran lokaci. In an ga an kafa rumfa a harabar gidan wani mai faɗa a ji, namu ne ko na masu gari, a kai ƙara ofishin hukumar na ƙaramar hukuma, a rubuce, a kuma riƙe kwafi.