Aiki ya yi kyau, amma maras lafiya ya rasu: abin da bincike ya gano game da kwanakin bayan fiɗa

 

Akwai wata magana da kusan kowa a cikinmu ya taɓa ji a gidan gaisuwa: "Ai aikin ya yi kyau, har ya farka ya yi magana, kwana biyu bayan nan sai rai ya yi halinsa." Mukan ce kwana ya ƙare, mu yi addu'a, mu watse. Ba ni da ja da ƙaddara. Amma likitocin Afirka sun zauna sun ƙirga irin wannan mutuwar, kuma abin da suka gano ya kamata kowane matashi da zai iya kwana jinya a asibiti wata rana ya san shi.

A shekarar 2016 aka yi wani babban bincike da ake kira ASOS, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard, likitan sa barci daga Afirka ta Kudu. Tsarin mai sauƙi ne. Kowane asibiti ya ɗauki mako guda, ya rubuta duk baligin da aka yi wa fiɗa a makon, ya bi shi har a sallame shi ko ya rasu. Asibitoci 247 suka shiga, daga ƙasashe 25, har da Nijar da Najeriya da Mali da Benin. An bi mutum 11,422. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon a farkon 2018.

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan aiki, mafi yawa ruɓewar ciwo ko shigar ƙwayoyin cuta. Mutum 239 suka rasu, wato kashi 2 cikin ɗari da ɗan ɗoriya. To ga inda nake so ku buɗe kunne: a cikin 239 ɗin nan, 225 ba ranar aikin suka rasu ba. Sun fito daga bulok da ransu. A ɗakin kwanciya aka rasa su, kwana ɗaya, biyu, biyar bayan an ɗinke su.

Kuma mutanen nan ba tsofaffi ba ne. Matsakaicin shekarunsu bai kai 40 ba, akasarinsu ba su da wata tsohuwar cuta mai nauyi, kuma kashi ɗaya cikin uku na ayyukan duka fiɗar haihuwa ce. A takarda, irin waɗannan ya kamata su fi turawan da ake yi wa aiki a Faransa ko Ingila tsira, tun da can yawanci dattawa ne masu ciwon zuciya da na suga. Amma da aka kwatanta aikin da aka tsara tun da wuri, ba na gaggawa ba, sai aka ga ɗan Afirka ya ninka matsakaicin duniya sau biyu wajen haɗarin mutuwa. Abin mamakin shi ne matsalolin ba su fi yawa a wurinmu ba. Ciwo yana ruɓewa a Paris, jini yana ɓallewa a Landan. Bambancin, can idan abu ya fara lalacewa ana gani da wuri a tare shi, nan kuwa sai ya yi nisa. Likitoci suna da suna ga wannan: gazawar ceto. A binciken, cikin duk goma da suka samu matsala, kusan ɗaya ya tafi.

Mu da muke tsoron wuƙa da allurar barci, ashe wurin da ya fi haɗari shi ne gadon da muke cewa alhamdu lillahi an fito.

Mi ke kawo haka? Binciken ya ƙirga ƙwararru, wato likitan fiɗa da likitan mata da likitan sa barci, a haɗe. Ya tarar ba su kai ko mutum ɗaya ba ga kowane mutum 100,000, alhali wani kwamitin masana na duniya ya ce a 2015 ana bukatar aƙalla 20. A nan gida kun san yadda abin yake. A asibitocin gundumomi da yawa, wanda ke yin fiɗar babban likita ne da aka ƙara wa horon fiɗa, wanda ke sa barci kuma ma'aikacin jinya ne da ya ƙware a fannin. Ina girmama su ƙwarai, don ba don su ba, mace mai naƙuda a ƙauyen Dakoro ko Magarya sai an ɗauko ta har Maraɗi ko Damagaram. Amma da dare ya yi, su ma mutane ne. Sai ka tarar da malamar jinya guda tana gardi a kan ɗaki cike da gadaje. Ko da tana da zuciyar zinariya, ba za ta iya auna tansiyon kowa duk bayan awa ɗaya ba.

Maganar mata ta fi tayar da hankali. Daga cikin wannan binciken aka ware matan da aka yi wa fiɗar haihuwa, sama da 3,700, aka buga nasu sakamakon a 2019. A cikin kowace mace 1,000, fiye da biyar sun rasu. Wannan ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Mace ɗaya cikin shida ta samu matsala, kuma zubar jini ce kan gaba. Tun wajen 2005 gwamnatin Nijar ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, kuma mataki ne mai kyau da ya ceci rayuka. Sai dai kyautar aiki ba ta auna bugun zuciyar mai jego da ƙarfe uku na dare. Yara ma an yi nasu binciken, ya fito a 2024: yara 8,625 a ƙasashe 31, kuma mutuwarsu bayan aiki ta ninka ta ƙasashe masu arziki sau 11.

To, an gano ciwo, saura magani. Nan ne labarin ya ɗan yi ɗaci, kuma ina so in faɗe shi yadda yake.

Masu binciken suka ce, tun da ba mu da ma'aikata isassu, bari mu tattara ɗan abin da muke da shi a kan waɗanda suka fi shiga haɗari. Suka ƙirƙiro wani ɗan lissafi da ke nuna wane ne mai haɗari, bisa shekarunsa da ƙarfin jikinsa da girman aikin da gaggawarsa. Wanda lissafin ya nuna, sai a yi masa abubuwa biyar: a kai shi ɗakin kulawa ta musamman idan akwai, a riƙa auna shi a kai a kai, a sa gadonsa inda malaman jinya ke hango shi, a bar danginsa su zauna da shi, a liƙa takardar alamomin haɗari a bakin gadonsa. Ba wanda zai ji wannan ya ce ba hankali a ciki. Aka gwada a asibitoci 332 na ƙasashe 28, a kan mutum kusan 29,000, tsakanin 2019 da 2020. Aka raba asibitocin kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su bi sabon tsari, wasu su ci gaba yadda suka saba. Sunan gwajin ASOS-2.

Da sakamako ya fito a 2021, mutuwa a ɓangarorin biyu daidai take: kashi 1.3 cikin ɗari nan, kashi 1.3 can. Ba abin da ya ragu.

Wani zai ce to ashe sa ido ba ya da amfani. Ni ba haka na karanta shi ba. Da suka koma suka bincika yadda aka gudanar da gwajin, sai suka tarar asibitoci da yawa ba su iya aiwatar da tsarin yadda aka tsara ba. Malamar da ba ta da lokacin auna mutum sau biyu, takarda ba za ta ba ta lokacin auna shi sau shida ba. Sannan gani daban, ceto daban. Idan an ga tansiyo ta faɗi amma babu jini a ma'ajiya, babu iskar oksijan, likita yana gida babu motar ɗauko shi, ganin ya zama kallo kawai. Ni abin da ya burge ni shi ne sun buga sakamakon duk da bai yi musu daɗi ba. Mu nan mun saba da shiri ya ƙare a yi biki a ce an yi nasara, ko da ba wanda ya auna komai.

Daga nan sai wasu likitoci a Yuganda suka dubi abin ta wata fuska. A asibitin garin Mbale suka ce, wa ke kusa da maras lafiya dare da rana? Mai jinya. Uwa, ƙanwa, miji, ɗa. Kamar dai a nan: tabarma a ƙarƙashin gado, buta, kwanon abinci, ana ta jiran ordonansi. Sai suka koya wa masu jinya auna alamomin rai, suka ba su ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini, suka ce duk sa'ad da lamba ta fita daga iyaka a kira ma'aikaci. Mutum 1,395 aka bi, akasarinsu matan da aka yi wa fiɗar haihuwa, aka buga a 2024. Kafin tsarin, maras lafiya na iya wuni ya kwana ba a rubuta awonsa ko sau ɗaya ba. Da tsarin, awon ya koma kamar sau uku a rana. Gwajin ƙarami ne, na share fage, kuma bai nuna raguwar mutuwa ba, kada wani ya fita nan ya ce na ce an samu magani. Abin da ya nuna shi ne mai jinya, ko da bai yi lakol mai zurfi ba, zai iya koyon wannan aikin.

Wannan ya shafe ku kai tsaye, don ku ne ake turawa kwanan asibiti. Kai ne mai waya, kai ne ka iya faransanci, kai ake cewa "je ka ji mi likita ya ce". To ga abin da zan so ku riƙe.

Ka iya ƙirga numfashi. Ka dubi ƙirjin maras lafiya, ka buɗe agogon wayarka, ka ƙirga minti ɗaya cur. Baligi mai hutawa yana numfashi sau 12 zuwa 20. Idan ka ga ya haura 25 yana ta sama, wannan ba gajiya ba ce, ka kira. Numfashi yakan riga sauran alamomi canzawa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Bugun zuciya a wuyan hannu 60 zuwa 100 ne; idan yana gudu sama da 120, ga tafin hannu ya yi sanyi, ga zufa, ga leɓe ya yi fari, ka yi zaton jini na zuba a ciki ko da bandeji a bushe yake. Wanda ɗazu yake hira yanzu yana sambatu ko ba ya tasuwa daga barci, kada a ce maganin barci ne bai sake shi ba, balle a ce iska ce. Ka lura da jakar fitsari: awanni suna wucewa ba ta ƙaruwa, alama ce. Mai jego kuwa, idan ƙunzugu yana jiƙewa sharkaf cikin ɗan lokaci, ba a jiran safiya.

Yadda za ka faɗa ma yana da muhimmanci. "Malama, jikin nata ya yi tsanani" magana ce da take ji sau hamsin a dare. Amma "Malama, numfashinta 30 a minti, ɗazu 18 ne, kuma ba ta gane ni" magana ce da ke tayar da ma'aikaci daga kujera. Ka rubuta lambobin da lokacinsu a takarda. Ba faɗa ka zo yi ba, ido ka ƙara mata.

Kafin aikin ma akwai naku. Mai sa barci zai yi tambayoyi, a gaya masa gaskiya. Idan an ce kada a ci abinci, kada tausayi ya sa a ba maras lafiya fura a ɓoye, don abin da ke cikin ciki na iya tasowa ya shiga huhu yana cikin barci, kuma wannan yana kisa. Idan yana shan jiƙo ko wani maganin gargajiya, a faɗa. Idan kuma saurayi ne mai shan tiramol, ka ja mai sa barcin gefe ka sanar da shi, don jikin da ya saba da shi ba ya karɓar maganin kashe zafi kamar na kowa. Wannan ba tonon asiri ba ne. Haka matan da ke gudun allurar baya saboda jita-jitar ciwon baya: a fiɗar haihuwa, idan ba wani dalili na musamman, ita ce ta fi barcin gaba ɗaya aminci, kuma uwa tana jin kukan ɗanta na farko.

Amma kada mu ɗora wa dangi nauyin da na hukuma ne. Darasin ASOS-2 kenan: idan mai jinya ya kira, dole a samu mai amsawa, kuma mai amsawar ya samu abin aiki. Idan ana maganar lafiya a siyasance, gini ake nuna mana, da sabon bulok, da na'ura mai tsada ana yanke kyalle. Ba a cika ɗaukar hoto da albashin malamar gardi ta biyu ba, ko tukunyar oksijan, ko na'urar yatsa a kowane ɗaki, ko firijin jini mai wuta. Su ne kuwa binciken ya nuna ana mutuwa don rashinsu. Jinin ma daga jikinmu yake fitowa. Mai lafiya a cikinku ya je cibiyar ƙarin jini ya bayar tun kafin a kira shi da dare a ce ƴar uwarsa ce.

Kuma akwai tambayar da nake so mu fara yi wa shugabannin asibitocinmu da kwamitocin kula da su, cikin ladabi, a rubuce: a cikin waɗanda aka yi wa aiki a nan bara, mutum nawa suka rasu kafin sallama, kuma a kwana na nawa? Asibitoci 247 sun iya ƙirga wannan cikin mako guda da takarda da biro. Na biyu, da dare, ma'aikaci nawa ke kula da gado nawa a ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa? Duk wanda ya samu amsa daga garinsu, Tawa ko Yamai ko Tasawa, ya kawo mu haɗa mu gani.