Zumunci a Ƙafa Ya Ke

Yau ina so mu yi magana a kan abokai, da abin da ke raba su in girma ya zo.

Kai da ka tashi a Katanga ko wani gari na ƙasar Jega, ka tuna waɗanda kuka taso tare. Watakila ku huɗu ne ko biyar. Tare aka kai ku makarantar allo, tare kuka yi kiwo, tare kuka yi gayya a gonakin iyayenku. Da dare kowa ya kan kawo akushinsa ƙofar gida ɗaya, ku ci, ku yi hira har barci ya kwashe ku. Da na farkonku ya yi aure, sauran ku ne abokan ango. A lokacin nan da wani ya ce muku za ku yi shekara ba ku ga juna ba, da kun yi masa dariya.

To, yanzu duba inda kowa ya ke. Ɗaya ya shiga fataucin albasa, yana ɗauka daga Aliero zuwa Ikko. Ɗaya ya yi karatu, ya sami aiki a Birnin Kebbi. Ɗaya ya tafi cin rani, rani ya wuce, damina ta wuce, bai komo ba. Kai kuma ga ka a gida, ga gona, ga iyali, ga tsofaffi. In kun gamu ran Salla sai gaisuwa ta ƙare, kowa ya rasa abin da zai ce. Ka koma gida zuciyarka ba daɗi, kana cewa duniya ta raba ku.

Mutane su kan ɗora wa tafiya laifin wannan. Amma tafiya tsohuwar aba ce a ƙasar nan. Tun bayan da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, kasuwarta ta zama matattarar fatake. Ayari ya kan tashi da jakuna, madugu na shugabanta, a haye Kwara, a bi ta ƙasar Bargu har Salaga ta ƙasar Gwanja, a sayo goro. Tafiya da komowa ya kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara ta kewayo. Babu mota, babu waya. Duk da haka falke ba ya rasa abokinsa. In zai tashi ya kan bar masa amanar gidansa. In ya gamu da ayari mai komowa gida ya ba da saƙon gaisuwa. Ran da ya sauka kuwa, kafin ya kai goro kasuwa sai ya ware na abokinsa. Mutanen nan sun fi mu nisa da juna, amma ba su yarda labari ya yanke ba.

Abin da ke kashe abota shi ne jira, watau kowa ya zauna yana sauraron ɗan'uwansa ya fara gaishe shi. Na gida ya ce, "Ai ya sami duniya, in na neme shi zai zaci roƙo na zo." Na birni ya ce, "Na daɗe ban je ba, da wane ido zan dube su, ga shi ba ni da tsarabar kirki?" Wanda ya tafi cin rani bai samo kome ba, kunya ta hana shi ko aiko da gaisuwa. Wani kuma rancen da ya karɓa ne bai biya ba, sai ya riƙa sauya hanya. Ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya yi faɗa da wani. Kowa yana son ɗan'uwansa, amma kowa ya yi shiru, har shirun ya zama gaba.

Wannan ciwo ba ya barin manya ma. Ga labarin da ya faru kusa da mu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙanen Shehu Usmanu ne, Muhammadu Bello kuwa ɗan Shehu ne. Abdullahi ya karantar da Bello, kuma tare suka sha wuyar yaƙi, tun daga Tabkin Kwatto cikin 1804. Da Shehu ya rasu cikin 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato. Abdullahi ya taho, ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya. Daga nan aka yi 'yan shekaru tsakaninsu ba daɗi, wannan yana Sakkwato, wancan yana Gwandu. Ana nan sai mutanen Kalambaina suka yi wa Abdullahi tawaye, abin ya tsananta. Bello bai tsaya tuna abin da ya wuce ba, ya tara runduna ya zo gudummawa, aka ci garin. Masu tarihi sun ce da suka fuskanci juna bisa dawaki, Bello ya yi haramar sauka don ya gai da baffansa kuma malaminsa. Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Nan take abin da ke tsakaninsu ya wanke.

Ka lura da abu biyu a cikin wannan labari. Na fari, Bello ya zo ran da a ke bukatarsa, bai jira a ba shi haƙuri tukuna ba. Na biyu, kowannensu ya yi rigegeniyar ƙasƙantar da kansa, ba kuwa wanda girmansa ya ragu. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In waɗanda ke riƙe da ƙasa sun iya haka, me zai hana ni da kai?

Sai dai kada ka sa rai hirar kowane dare za ta komo. Mai mata da 'ya'ya ba shi da lokacin saurayi, ba kuwa laifi ba ne. Abotar manya tana da nata wurare: ran suna, ran ɗaurin aure, ran ciwo, ran jana'iza, da ran da ruwa ya ci gona. Wanda ka gani a waɗannan ranaku abokinka ne, ko da sau biyu ku ke haɗuwa a shekara. Saboda haka in ka ji abin farin ciki ko na baƙin ciki ya sami ɗayanku, tashi ka tafi, kada ka jira a aiko maka. Zumunci a ƙafa ya ke.

Game da dukiya kuma, in kai Allah ya buɗa wa, ka riƙa zuwa da kanka, ka zauna bisa tabarmar da ka saba zama, ka ci abin da aka kawo. Kada ka aiko yaro da kuɗi ka ce ka yi zumunci. In kai ne na gida, kada kowace gaisuwarka ta ƙare da bukata. Ka gaishe shi sau uku ba ka roƙi kome ba, ka aika masa da ɗan abin gonarka, ko kwano ɗaya na shinkafa. In akwai bashi tsakaninku, ka faɗi maganarsa a fili, ka biya kaɗan kaɗan, gama bashin da a ke ɓoyewa shi ke hana haɗa ido.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo maka wannan magana, kai da ka koyi karatu da girmanka. Dā in kana son aika wa abokinka takarda, sai ka nemi mai rubuta maka, shi ma ya nemi mai karanta masa. Asirin mutum biyu ya zama na mutum huɗu, don haka ba ka faɗin abin da ke zuciyarka. Yau hannunka ya iya. Tun 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya, kira ya yi sauƙi, amma akwai maganar da baki ke jin nauyinta, alƙalami ba ya ji. Kira kuma ya kan tarar da mutum cikin kasuwa ko bisa mota, ya amsa a gurguje. Rubutu yana jiransa har ya natsu, ya karanta, ya sake karantawa. Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri, ba za ka rasa direban da zai kai maka takarda ba. In kuwa a waya ka iya rubutawa, duk ɗaya ne.

Ba sai ka tsawaita ba. Ka rubuta kamar haka: "Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, mun daɗe ba mu ji daga gare ka ba, muna kewarka. Damina ta yi kyau, tsohuwarka tana lafiya, na gan ta jiya. Ba wata bukata, gaisuwa ce kaɗai. In ka sami hali ka zo mana Salla. Wassalam." Kada ka damu da karkatar baƙaƙenka. Abokinka ba mai duba jarrabawa ba ne, zai yi murna ya ga hannunka.

In ka aika bai amsa ba, ka sake aikawa bayan wata guda. Watakila kunya ce ta riƙe shi, ita kuwa ba ta sakin mutum da ƙwanƙwasa ɗaya. In kun yi sa'a kun daidaita, ku sa rana guda a shekara, kamar kashegarin Babbar Salla, kowa ya kawo akushinsa ƙofar gidan nan ta dā, ku zo da 'ya'yanku su san juna.

To, kafin ka rufe wannan littafi, ka ɗauki fensir ka rubuta sunayen abokan tasowarka a bayan bango. Ka dubi wanda kuka fi daɗewa ba ku gaisa ba, da shi za ka fara, cikin makon nan. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gama da juna lafiya. Amin.