Jawabin Shugabar Mata Kan Lissafin Kuɗin Asibiti

Iyayena, yayyena da ƙannena na Farin Dutse da sauran mazaɓun Gwaram da Birnin Kudu. Don Allah a karanta har ƙarshe, wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta.

Maganata yau a kan kuɗin asibiti ne, domin mu ne masu goya yaro mu bi layi.

Na farko, ki san matsayinki kafin ki kwance bakin zani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko, shi ne asusun BHCPF. A Jigawa hukumar JICHMA ce ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista a ƙarƙashinsa. Idan sunanki na ciki, ba ki biyan komai a kan ayyukan da tsarin ya ƙunsa. Matan ma'aikatan Tarayya masu katin NHIA kuwa, kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne nasu. Maganin N5,000, naki N500 ne, ko a FMC Birnin Kudu ne.

Na biyu, wadda ba ta cikin tsarin kyauta, ta daure ta biya. Kuɗin da aka karɓa yau da shi ake sayo maganin gobe. In bai dawo ba, sai ki ji an ce babu, je ki kemis.

Ga yadda ake gane ko kuɗin na dawowa. Misali nake bayarwa: a wata ɗaya asibiti ya ba da maganin N200,000. A ciki, N50,000 na waɗanda gwamnati ta ɗauke wa biya ne, sai a cire shi tukuna. Saura N150,000, shi ya kamata a karɓa a hannun jama'a. Aka duba rasit aka ga N120,000. A raba 120,000 da 150,000, a ninka da 100, an karɓi kashi 80 ke nan. Giɓin N30,000 ne. In aka tafi haka wata biyar, N150,000 ta salwanta.

A kula, in ba a cire na kyautan ba, aka raba da 200,000, kashi 60 za a gani, sai a zargi ma'aikaci da abin da bai ci ba. Wannan alhaki ne. Shi ma N50,000 ɗin sai a bi sawu a ga an maido wa asibiti.

Abin da nake roƙo: kowace ta karɓi rasit, ko na N200 ne. Matanmu da ke cikin kwamitin cigaban mazaɓa su nemi lambobi uku duk wata: nawa aka bayar, nawa ne na kyauta, nawa ya shigo. A tambaya cikin ladabi, ma'aikatan nan 'ya'yanmu ne. Shugabannin mata na mazaɓu kuma ku tattaro sunayen zawarawa, tsofaffi da masu juna biyu da ba su da rajista, ku kawo a zamanmu na gaba. Kada a duba jam'iyya, ciwo bai san wannan ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya. Wassalamu alaikum.

Taku,
Shugabar Mata