Mace a Kan Tikiti: Abin da Akwatin Zaɓe Ya Nuna



Duk sa'ad da aka zo ɗaukar mataimakin ɗan takarar shugaban ƙasa a Najeriya, magana ɗaya jiga-jigan jam'iyyu ke yi: wai talaka ba zai dangwala wa tikitin da ke ɗauke da mace ba, balle a Arewa. Har wasu malaman kimiyyar siyasa sun rungumi zancen suna koyar da shi a aji kamar an gwada an tabbatar. To, manyan jam'iyyu ba su gwada ba. Tun daga 1999 PDP ba ta taɓa tsayar da mace a wannan gurbi ba, APC ma haka tun 2015. Wanda ba a kai wa tayi ba, yaya za a ce ya ƙi saye?

Inda aka yi gwajin sosai shi ne Ghana, kuma alƙaluman can sun isa su rufe muhawarar. John Mahama ya tsaya takara a 2016 da mataimaki namiji, Kwesi Amissah-Arthur, ya tashi da kashi 44 cikin ɗari, ya faɗi. A 2020 sai ya ɗauko Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang, tsohuwar shugabar Jami'ar Cape Coast kuma tsohuwar ministar ilimi. Ƙuri'arsa ta haura zuwa kashi 47, amma Nana Akufo-Addo ya sake kayar da shi. A 2024 ya koma fage da ita ɗin dai, suka lashe sama da kashi 56, Mahamudu Bawumia ya tsaya ƙasa da kashi 42. Ranar 7 ga Janairu 2025 aka rantsar da ita, mace ta farko a wannan kujera a tarihin ƙasar.

A lura da kyau. Ɗan takara bai canza ba tsakanin 2020 da 2024, mataimakiya ba ta canza ba, jam'iyyar NDC ce dai. Abin da ya canza yana cikin aljihun mutane. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 a Disamba 2022, darajar sidi ta zube, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kai ƙoƙon bara ga IMF aka amince mata da bashin dala biliyan 3 a 2023. Wannan ne mai zaɓe ya hukunta. Zangunan da ake jin Hausa ma, irin su Nima da Mamobi a Accra da Asawase a Kumasi, sun ci gaba da bin NDC, alhali Musulmi ne, wato Bawumia, ke jan tikitin ɗaya ɓangaren. Kasancewar mace a tikiti bai sa sun juya baya ba.

Nan gida ma akwai shaida. A 2019 Nasir El-Rufai ya ɗauki Dakta Hadiza Balarabe mataimakiya a Kaduna. Ƙurar da ta tashi a lokacin a kan tikitin Musulmi da Musulma ta tashi, ba a kan jinsinta ba, kuma Zariya da Igabi da Giwa suka fito suka zaɓe su. A 2023 ta sake dawowa tare da Uba Sani. Tun kafin su, Malam Aminu Kano ya zaɓi Bola Ogunbo ta mara masa baya a takarar 1983, rai ya yi halinsa a watan Afrilu kafin a kai ga akwati.

Masu ja da wannan magana sukan kawo Geraldine Ferraro a Amurka da Martha Karua a Kenya. Walter Mondale, wanda ya ɗauki Ferraro mataimakiya, ya sha kaye a jihohi 49 a 1984 ne saboda abokin karawarsa Reagan yana kan ganiyarsa, tattalin arziki kuma yana farfaɗowa. Raila Odinga da Karua kuwa ratar da ta raba su da William Ruto a 2022 ba ta kai kashi biyu ba. Sarah Palin ma, da McCain ya ɗauka mataimakiya, ba ta janyo masa matan Amurka ba a 2008, yawancinsu Obama suka bi. Mata ba sa bin mace ido rufe, maza kuma ba sa gudunta. Na saman tikiti ake dubawa, da jam'iyya, da farashin abinci.

Saboda haka shingen yana ɗakin da manya ke zama su raba muƙamai, can ya kamata a nufa da gyara. Majalisar Dattawa ta goma mata huɗu ne a cikin sanatoci 109, kuma a Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da za su faɗaɗa wa mata gurbi. A dawo da su. Kashi 35 da Manufar Jinsi ta Ƙasa ta tanada tun 2006 a shigar da shi kundin kowace jam'iyya, ya shafi tikitin gwamna da na shugaban ƙasa, INEC ta samu ikon ƙin karɓar jerin sunayen da ya saɓa. Sassan kimiyyar siyasa na Bayero da Ahmadu Bello da Danfodiyo kuma su tura ɗalibai su tattara sakamakon Kaduna na 2015 da 2019 da 2023 rumfa-rumfa, a buga shi da Hausa kafin jam'iyyu su sake zaman fitar da 'yan takara.